Takardar da Baba ya yanka

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, sai na ɗauko tsohuwar jif ɗin marigayi Baba, wadda ta shekara da shekaru a bayan gidanmu na Hunkuyi kaji suna yin ƙwai a kujerarta. Na ce zan tashe ta da hannuna. Wanda ya koyar da kimiyya, a ganina, bai kamata inji ya gagare shi ba.

Na shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, duk abin da na kwance in jera shi in rubuta masa lamba da alli, kamar 'yan aji. Rana ta huɗu na cire kafireta. A ƙarƙashinta akwai gasket, wato ɗan faifan da ake matsawa tsakanin ƙarfe biyu don kada su yi yoyo. Wannan ba na kanti ba ne, na kwali ne, an yanka shi da hannu. Haka direbobin ƙauye suke yi idan hanya ta ritsa da su.

Na goge man da tsumma. Sai ga rabin jan hatimi. Na ƙara gogewa, ga haruffa huɗu na sunana.

Takardar shaidar gama firamarena ce. Ɓatanta ya sa na rasa shiga kwalejin malamai shekara guda. A lokacin na rantse ƙanwata, autarmu, ce ta hura wuta da ita, har na mare ta a gaban Inna. Baba yana zaune yana cin goro. Ni kuwa sama da shekara arba'in ina yi mata gori da maganar a duk taron suna.

Na daɗe zaune a kan buhun. Ban ko wanke hannu ba na hau acaɓa zuwa Gubuchi, inda take aure. Bayan gaisuwa na ajiye mata kwalin a kan tabarma.

Ta juya shi, ta ce, "Ashe ta yi ƙarko."

"Auta, kin san da wannan?"

"Yaya, ni na riƙe masa yana yankawa. Bai iya boko ba, kwali mai kauri kawai ya gani, ga mota ta lalace da barkonon mutane a ciki. Sai da ka fara kuka ya gane."

"Amma kika bari na mare ki."

"To in ce wa? In ce Baba?"

Na nemi gafararta, kalmomin suna sarƙe mini kamar ɗan aji ɗaya. Ta ce ta yafe tun a ranar, gorin ne dai take bina, za ta rama a sunan jikana.

Da zan tafi ta miƙo mini kwalin. "Mayar wa motar da abinta," in ji ta. "Ta fi ka amfana da karatun."