Sifili da Biyar a Bakin Titin Jirgi

Shekara ashirin da takwas Baba Fenta ya yi yana aiki a wani ƙaramin filin jirgin sama, bai taɓa shiga jirgi ba, bai kuma taɓa sha'awa ba. Shi nasa a ƙasa yake: fararen layukan tsakiyar titin jirgi, da manyan lambobin bakin titin, sifili da biyar a wannan ƙarshen, ashirin da uku a wancan. Kowace lamba ta fi babbar mota tsawo. Duk shekara sai ya sabunta su, ya ja igiya, ya auna da tef, ya bi da rolar shafa fenti a hankali. Matarsa ta daɗe da haƙura da farcensa, ta ce ko cikin taron mutum dubu ne, da farin fentin da ke jikin farcen za ta gane mijinta.

Abin da bai taɓa yi ba shi ne tambayar ma'anar lambobin. Mutum ne mai jin nauyin tambaya, irin waɗanda gara su wuni suna zagaye unguwa da su ce sun ɓata. Ranar da aka fara rubuta su ogansa na kwance a asibiti, shi kaɗai ya yi aikin daga wata 'yar takarda, yana sabon ɗauka, babu kuma wanda ya zo ya duba bayansa.

Saura wata biyu ya yi ritaya, manaja ya aiko masa da takarda: a kankare sifili da biyar a sa sifili da shida, a kankare ashirin da uku a sa ashirin da huɗu. Babu dalili, sai sa hannu da hatimi. Direbobin motar kashe gobara, waɗanda aikinsu zaman inuwa ne suna jiran abin da ba a fata, suka samu abin taunawa.

"Baba, ashe duk shekarun nan lissafin bai fita ba?" in ji ɗaya. "Allah dai ya tsare matafiya."

Ya taya su dariya, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya tuna 'yar takardar nan, ya tuna babu wanda ya duba. Idan kuskure ya rubuta, to jirage nawa suka sauka a kansa ɗauke da 'ya'yan mutane? Kwana biyu yana tsakurar abinci yana ture kwano.

"Malam," matarsa ta ce, "ni ban san jirgi ba, amma na san ka. Ka hau benen nan ka tambaya. Matakala ce kawai."

Washegari da hantsi ya hau hasumiyar da ake yi wa jirage jagora, karon farko a rayuwarsa, ya tsaya a bakin ƙofa yana goge takalmi. Wadda ke kan aiki sa'ar 'yarsa ce. Babu jirgin da ake jira, sai ta cire abin sauraron matuƙa daga kunnenta ta jawo masa kujera. Ya miƙa mata takardar.

"'Yata, kada ki ji kunyata. Ni na ɓata lambar nan tun farko?"

Ta dube shi, sannan ta ɗauko kamfas, na'urar nan mai nuna arewa, daga aljihun tebur ta ajiye a gabansa. Allurar ta ɗan yi rawa ta tsaya.

"Baba, arewa biyu ce. Akwai ta taswira, can ƙarshen duniya, wurin da take juyawa a kansa. Wannan tana nan daram. Akwai kuma wadda allurar nan take bi, ta maganaɗisun cikin ƙasa. Ita wannan tafiya take yi, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Lambar titi kuwa da allura ake auna ta, don ita matuƙi yake gani a gabansa."

Ta buɗe wani tsohon kundi ta nuna masa da yatsa. Shekarar da ya fara aiki, titin yana fuskantar digiri hamsin da biyu daga arewar allura, ya fi kusa da hamsin, shi ya sa aka yar da sifilin ƙarshe aka ce sifili da biyar. Awon bana ya haura hamsin da biyar, ya koma kusa da sittin.

"Wato titin ne ya karkace?"

"Titinka na nan inda ka bar shi. Lambarka daidai take ranar da ka rubuta ta, daidai take har bara. Arewar ce ta matsa."

Baba Fenta ya tashi ya je jikin gilashin, ya leƙa ƙasa. Bai taɓa ganin aikinsa daga sama ba. Ga sifili, ga biyar, a miƙe, fes, babu inda rola ta kauce. Wata godiya ta cika masa zuciya har ya rasa ta inda zai fara, ga Allah, ga yarinyar nan da ba ta yi masa dariya ba, ga matar da ta turo shi.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce. "Sabuwar lambar fa, ita za ta dawwama?"

"A'a, Baba. Wata rana ita ma za a kankare ta. Wataƙila lokacin ni ma na yi ritaya."

Ya jinjina kai. Da kansa ya kankare tsofaffin lambobin a makon, bai yarda wani ya taɓa ba, da kansa kuma ya zana sababbin. Amma kafin ya sauko daga benen ran nan sai da ya roƙe ta abu ɗaya: ta rubuta masa bayanin da manyan baƙaƙe a takarda guda. Ya sa takardar a leda, ya buga ta da ƙusa a bangon ɗakin ajiyar fenti, daidai saman inda ake rataye rola, don wanda za a aiko wa irin wannan umarni bayansa ya karanta tun kafin ya koma gida ya kasa cin abinci.