Dawar da Ta Tsiro a Sawun Giwa

Da asubar fari muka tashi daga Zariya, a bayan wata motar lodi da ta ɗauko gishiri da kananzir, mu kuma aka ɗora mu a bisa kamar gyara. Masu kawo mini ɗinki da kuka yi ta tarar da keke a lulluɓe, ku yi haƙuri, ga inda na je. Kawuna ne, wan mahaifiyata, ya aiko wani falke daga ƙasar Birnin Gwari ya ce in zo maza, an ga Mai-kunya.

Kada ranku ya tafi wani wuri, Mai-kunya dawa ce. Irin gidanmu ce tun kakanni, ja ce, in ta fid da kai sai zangarniyar ta sunkuya ƙasa, shi ya sa aka sa mata wannan suna. Tuwonta yana kwana ya wuni bai yi tsami ba. Da shi mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yaye mu duka. Tun da na zo birni koyon ɗinki ban ƙara cin tuwon da ya kama ƙafarsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa, kewarsa nake yi kamar yadda ake kewar mutum.

Zuwa Funtuwa hanya ba laifi, sai dai jakunan auduga da ba su san ƙahon mota ba. A can na sha furar taro wadda a Zariya sai an ba da sisi, mai furar ma har ta ƙara mini nono don ta ji na ce gida za ni. Daga nan muka miƙa kudu, hanya ta fara nuna halinta. Duk gadar katakon da muka zo sai direba ya ce kowa ya sauka, ya haye shi kaɗai yana salati, mu bi shi a ƙasa. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce shi fa rabin kuɗin mota ya kamata ya biya, tunda rabin tafiyar da ƙafarsa ya yi ta. Ni dai tun da itatuwan doka suka fara haɗe kai a kan hanya, ƙamshin ciyawar kaka ya bugi hancina, ban ƙara jin abin da ake cewa ba.

A Tsohon Birnin Gwari na kwana, da safe na ari keke na nufi wajen Kazage. Na tarar da Kawu a ƙofar gida, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, ƙafafunsa sun ɗan kumbura. Ko ruwa bai bari na gama sha ba ya fara ba ni labari.

Shekarun baya da Turawa suka yanka gandun daji, layin ya ci tsohuwar unguwarmu, aka taso mutane zuwa bakin iyaka. Kowa ya koma shuka dawar da ya samu, Kawu kaɗai ya riƙe tamu. Bara, ana saura kaɗan a yi girbi, giwaye suka fito daga gandu suka share gonar tas, suka biya ta rumbu suka ture shi, har irin da ya rataye a ciki ba su bari ba. Da can maharba ke fita musu, yanzu kuwa giwa ta zama dabbar gwamnati, wanda ya taɓa ta sai gidan yari. Baturen daji ya zo ya zagaya gonar, ya jajanta, bayan wani lokaci aka aiko da diyya, buhunan farar dawa daga wata ƙasa. Kawu ya ce bai raina ba, ita ta fid da su daga yunwa, ita ma ya shuka bana. Amma ya ce cikinsa ne ya karɓa, bakinsa har yau bai karɓa ba.

Sai kwanan nan wani Bafulatani da ke kiwo a gefen gandu ya ce ya hango dawa mai sunkuyen kai a cikin daji, a kan hanyar da giwaye ke bi zuwa rafi. Ashe ƙwayar da suka haɗiye ba duka ta narke ba. Inda suka yi kashi, da damina ta sauka, sai ta tsiro.

Shiga gandu sai da malamin daji, wani mai kaki ɗan ƙasar, wanda ya yarda ya raka mu bayan Kawu ya tuna masa cewa shi ne ya raɗa wa ubansa suna. Da hantsi muka ƙetare turakun iyaka. Ciyawar gamba ta fi mu tsawo, ƙudan tsando kuwa suka karɓe ni hannu bibbiyu, da alama sun daɗe ba su ɗanɗana jinin ɗan birni ba. Kawu na gaba da sandarsa, yana tafe yana hutawa, ba ya yarda a ce ya gaji.

Hanyar ta bi da mu ta kufan unguwarmu. Ban shirya wa wannan ba. Katangu duk sun narke, birai sun yi ɗaiɗai a kan tsamiyar da muke wasa a gindinta, suna kallonmu kamar mu ne baƙi. Dutsen niƙan mahaifiyata na nan inda ta bar shi, ruwan sama ya kwanta a ƙwarminsa. Na durƙusa na shafa shi, hawaye suka zo mini. Kawu ya yi kamar bai gani ba, ya ce mu yi sauri rana na yi.

Kusa da rafi muka fara ganin karan dawa jefi-jefi, kowanne a tsakiyar busasshen kashin giwa. Na farko an tattake shi. Na biyu birai sun karye kan. Haka muka yi ta bi, Kawu yana ɗaga kara yana sakewa, har na fara shirya kalmomin ba shi haƙuri. Can a bayan wani suri, inda ƙaya ta kare ta, muka ga guda ɗaya a tsaye, doguwa, ta sunkuyar da kai.

Kawu ya matsa kusa da ita. Ya kama zangarniyar a hankali, ya ciri ƙwaya ɗaya ya matsa da farce, sai farin ruwa ya fito. Ba ta ƙosa ba. In aka yanke ta yanzu ba za ta yi iri ba, sai ta ƙara kwanaki a kan karanta.

Malamin daji ya ce in don yankewa ne, shi itace da dabba aka ba shi tsaro, ba a ambata masa dawa ba. Kawu ya roƙe shi ya bari ya kafa 'yar bukka a nan ya yi gadinta har ta ƙosa.

"Baba, wannan kam ba zan iya ba," in ji shi. "Kwana a gandu, ga hura wuta, aikina ne zai tafi. Kuma hanyar giwaye ce nan, kai ma ka sani."

Kawu bai yi musu ba. Ya warware rawaninsa, wanda da shi yake zuwa Juma'a, ya yagi rabi, ya naɗe zangarniyar saboda tsuntsaye, ya ɗaure da zare daga bakin rigarsa. Ni da nake tela ina tsaye, ko hannu bai bari na sa ba. Ya tofa mata addu'a, muka juyo.

A komowa ƙafafun Kawu suka ƙi. Ni da malamin daji muka riƙa goyonsa bi da bi har bakin iyaka, ba shi da nauyi ko kaɗan. Yana bayana ya ce mini, "Ni dai na gan ta, ɗana. Yankewa kuma sai wanda Allah ya ba ƙafa." Na ce zan dawo in kai shi da kaina.

Kashegari na kamo hanya, don ɗinkin mutane na jirana, iyali kuma ba sa cin labari. Gadojin nan dai muka sake sauka muka hau, ban ji dariyar kowa ba har Zariya.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, diyya buhu take mayarwa a madadin buhu, ba ta san abin da ke cikin na farkon ba. Ban ga laifin giwa ba, dajin ma da nata ne da namu. Amma ita an kafa mata turaku da mai kaki, abin da kakannina suka bari kuwa yana can bayan suri, tsakaninsa da ɓacewa sai rabin rawanin tsoho. Ina taka keken ɗinki ina lissafin ko ta ƙosa, kuma duk motar da ta shigo daga Funtuwa sai na ɗaga kai, ban san wane saƙo zai riga zuwa ba, na dawar ko na Kawu.