Ranar da Masarautarka Ta Ajiye Aiki

Da hantsin Talata, tara ga watan nan, matarka ta kira ofis ta ce ka cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Magini muke ce maka, don kai ka gina masarautar da ke cikin wasan kwamfutar da muke haɗawa. Masarauta ce ta zamanin takobi da ganuwa, inda mai wasa zai yi noma, ya yi aure, ya tsufa. Ni nake zana mutanen, kai kake koya musu zaman duniya. Abokan aikinmu sarki da yaƙi ne a gabansu, kai kuwa talakawa. Ka taɓa hana ni tashi cin abinci wai maƙerin garin ba shi da mai gaishe shi da safe. Na ce, "Haba Yaya, zane ne fa, ni na zana shi." Ka ce, "To ai ke ce uwarsa, ki ji tausayinsa mana." Haka kake da mu ma. Lokacin da nake jinyar mahaifiyata, kai ka riƙe aikina ba ka taɓa faɗa ba.

Sai ka tsara cewa in wani ya mutu a wasan, maƙwabta su bar sana'a su je ƙofar gidansa su tsaya. Masu gwajin wasan suka koka, wai kasuwa na tsayawa, wasa na jan ƙafa. Manaja ya ce a cire. Ka roƙa, ka yi fushi, har ciwo ya kwantar da kai bai sauya magana ba.

Ran Alhamis, kwana biyu bayan rasuwarka, muka taru gaban babbar kwamfutar ofis, wadda ba a kashewa, don mu cire. Mun manta kai ma kana da mutuminka a ciki, wani mai haƙar rijiya da kake wasa da shi kullum. Tun da ka kwanta ba wanda ya ciyar da shi. A gabanmu ya faɗi ya mutu.

Maƙeri ya ajiye guduma. Masaƙa suka tashi, kasuwa ta watse, masu gadi suka sauko daga ganuwa. Can sai ga sarki ya fito daga fada da ƙafa, ya tsaya a bayan talakawansa. Ba wanda ya san ka koya masa haka. Na fashe da kuka. Manaja ya ce, "Kada wanda ya taɓa wannan."

Ga matarka da 'ya'yanka da mahaifinka, Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Kai kuma Yaya, Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Amin.