Audi Mai Makullin Fanfo

Duk wanda ya san Audi yana yaro a ƙauyensu, gabas da Ollelewa, da wuya ya yarda da abin da ya zama. Yayarsa Rahamatu ce ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ita ta san irin dukan da ya sha a hannun ubansu, mutumin da bai iya magana da ɗa ba sai da igiyar guga. Ya tashi yana ja wa masu dabbobi ruwa a rijiya, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen sha. Ko sunansa ba a kira, "kai" ta ishe shi.

Da aka kafa wa garin fanfo mai aiki da hasken rana, sai aka nemi mai riƙe makulli. Kowa ya ce aiki ya yi masa yawa. Rahamatu da kanta ta roƙi dattawa su ba ƙanenta, ko ya samu abin da za a gan shi da shi.

Makararsa ta farko wajen zuwa buɗe fanfo ba da gangan ba ce. Ya iso ya tarar da mutanen da ba su taɓa amsa gaisuwarsa ba sun miƙe suna "sannu da zuwa, Malam Audi." Abin ya yi masa daɗin da bai taɓa ji ba, daga nan makara ta zama sana'a. Da rani ya tsananta, ya bi gida gida yana cewa makiyayan arewa za su shanye ruwan gari idan ba a samu tsayayye ba. Tsoro ya kama mutane, suka naɗa shi shugaban komiten kula da fanfo, suka yarda ya hana wanda ya ga dama. Abin ƙyama, waɗanda suka fi raina shi a da, su suka fi kowa iya yi masa kirari. Makiyaya aka zaci zai kora, amma kafin damina ya juyo kan ƴan gari.

Ranar da ya kifar wa wata tsohuwa bokiti don ba ta durƙusa ba, Rahamatu ta kasa haƙuri.

"Audi, ka ji tsoron Allah," ta ce a gaban mata. "Ruwan nan ba na gidanmu ba ne."

Washegari aka ture mata jarkoki gefe, aka kore awakinta daga kwamin shan ruwa. Su ke nan abin da mijinta ya mutu ya bar mata, tsohuwar rijiyar kuwa ta rufta tun da aka daina yasarta. Maƙwabta suka ji tsoron sam mata ruwa. Da akuyarta mai ciki ta kwanta ta kasa tashi, Rahamatu ta kora sauran zuwa fanfo, ta zube gaban kujerar Audi.

"Ranka ya daɗe, na tuba."

Ya bar ta cikin rana yana latsa waya. Can ya ɗago ya tambayi na kusa da shi, "Wace ce wannan?"

Ta dubi awakin, harsuna a waje.

"Rahamatu ce, ranka ya daɗe," ta amsa da kanta.

Ya miƙa makulli aka buɗe. Wani dattijo ya ɗaga murya yana roƙon Allah ya ja zamanin shugaba mai tausayi. Awakin suka kafa kai suna sha, ita kuwa ta ji bakinta ya riga na kowa cewa amin, da ƙarfi, yadda zai ji.