'Yar Fitilar da Ta Raka Mu Kaduna

Motata ta farko 'yar Kwatano ce. Na saye ta a nan Birnin Gwari bayan na shekara da shekaru ina zagaye ƙauyuka a kan babur da sunan malamin gona, yau Damari, gobe Tabanni, bayana duk ya gaji. Ba sabuwa ba ce, ban kuma taɓa yi wa kowa ƙaryar sabuwa ce ba, amma bugu ɗaya take tashi. Ni mutum ne mai saurin hawa, a gida ma an san ni da haka, sai ga shi mota ta koya mini lallashi. Kullum da safe sai na goge ta ciki da waje kafin in sha koko.

A daminar da na saye ta ne idon Inna, mahaifiyata, ya ƙarasa rufewa. Yanar ido ce ta daɗe tana cin ta a hankali. Da farko zare ta kasa sa wa allura, daga baya ta daina tsince shinkafa, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Haske kawai take iya rarrabewa da duhu. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun tasowata ba ta kama sunana, ba ta kuma kallon fuskata kai tsaye. In tana da magana da ni sai ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa wancan." Ina zaune a gabanta fa. Ban taɓa jin haushi ba, haka muka taso muka tarar ana yi.

Wani asibitin ido a Kaduna ya ba mu ranar aiki, aka kuma ja mana kunne cewa wanda ya saɓa ranarsa sai ya koma ƙarshen layi, wataƙila sai bayan kaka. Inna ta amince da aikin da ƙyar, ta kafa sharaɗi guda: ba za a cusa ta a motar haya kamar buhun masara ba, tunda wancan ya yi mota. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda na nuna.

Ana gab da tafiya, ina dawowa daga ofis da magariba, na kunna fitilu sai ga wata 'yar alama ruwan goro ta haska a gaban sitiyari, kusa da allurar mai. Ban taɓa ganinta ba. Siffarta kamar rabin ƙwarya a kife ta gefe, da 'yan layuka da wani zane a karkace ya ratsa su. Alamar batir na sani, na san ta baƙin mai mai kama da buta, wannan kuwa baƙuwa ce. Duk wanda ya san hanyarmu ya san ba a wasa da lalacewar mota a cikin daji. A lokacin a ayari ake tafiya, motoci su taru a bakin gari da safe, jami'an tsaro a gaba, a tashi tare, kuma ayari ba ya tsayawa don mota ɗaya ta yi tari.

Da safe na kai ta wurin bakanikena. Ya tashe ta, ya kasa kunne, ya duba mai da ruwa, ya leƙa gaban sitiyari, babu alama babu dalilinta. Gari a waye wa zai kunna fitila? Ba wanda ya yi tunanin haka a cikinmu. Ya ce lafiyarta ƙalau. Da magariba ta sake fitowa, washegari na koma ina faɗa tun daga bakin gareji. Ya bar ni na gama, sannan ya gutsuro baƙin salatif ya miƙo mini, ya ce abin da direbobin tasha ke yi ke nan, a liƙe wurin a huta. Na ce masa ni ba ganinta ne ya dame ni ba, abin da take faɗa ne ban sani ba. Na dai karɓi salatif ɗin na jefa a aljihu don kada in ƙara wata maganar.

Na so in ɗaga tafiyar, har na fara zagaye-zagayen yadda zan faɗa. Ƙanwata ta gaya mini Inna ta riga ta ɗaure kayanta, ta sa an wanke mata mayafin da take zuwa suna da shi. Sai na haɗiye maganata. Na ce in Allah ya yarda za mu je.

Ranar tafiya ruwa ya kwana yana zuba, ya ɗauke da asuba. Muka shiga layi a bakin gari, Inna a kujerar gaba, ƙanwata a baya da kwandon abinci. Ba mu yi nisa da gari ba hazo ya tare mu, irin farin hazon damina da ke tasowa daga rafuka ya kwanta a kan titi. Itatuwan gefen hanya suka ɓace, motar da ke gabana ta ɓace, ba abin da nake gani sai 'yan takun kwalta a gaban hancin mota. Dole na kunna fitilu, alamar nan kuwa ta fito tamkar jira take.

Inna ta sunkuya ta ƙura wa wurin ido. Ta ce wa ƙanwata tana ganin wani abu ƙarami yana haske kamar garwashi, ta tambaya ko mene ne. Na ce fitilar mota ce kawai, Inna. Ta ce madalla, ta samu abin kallo. Tun daga nan ba ta ɗauke kai daga kanta ba, carbi a hannu, hankalinta kwance. Ni kuwa kunnena na kan inji, kowane rami muka faɗa sai in ji kamar yanzu za ta mutu. Tsoro nake ji ƙwarai, ba don kaina ba, don tsohuwar da ba ta gani balle gudu.

Ga kuma wata bas da ta manne mini a baya. In na rage gudu ta rage, in na matsa gefe don ta wuce ta ƙi. Na yi ta masifa ƙasa-ƙasa har ƙanwata ta ce Yaya ka yi haƙuri, Inna na jinka. Haka muka ratsa dajin gaba ɗaya, bas na bina, ni ina bin farin layin da ya rage a gefen titi, har rana ta ɗaga hazon ya fara yayewa.

Da muka fito inda ayari ke watsewa na tsaya in duba inji. Bas ɗin ma ta tsaya, direban ya sauko ya nufo ni, wani dattijo mai tawul a wuya. Na shirya rigima, sai ya miƙo mini hannu biyu.

"Malam, Allah ya saka da alheri. Jar fitilarka ta baya na biyo tun daga gari, ita kaɗai nake gani. Amma yanzu kashe ta, hazo ya wuce, tana kashe mini ido."

Muka zagaya bayan motar tare. Ga ta nan a gefe ɗaya, jawur, ta fi fitilar birki haske. Ya ce fitilar hazo ce, motocin Turai da ita suke zuwa, alamar da ke gaban sitiyari kuwa tana gaya wa direba ne cewa a kunne take. Shi ma bai san inda makunninta yake a irin motata ba. Muka yi ta lalube mu biyu, har ƙanwata ta hango wani ɗan madanni ƙasa da sitiyari, daidai inda nake cusa tsumma in na zo goge-gogen safe. Ta danna, alamar ta mutu. Dariya ta kama ni har sai da na dafa mota. Na zaro salatif ɗin daga aljihu na ba dattijon, ya ce yana da nasa.

Tun daga ranar na rage tsoron gaban sitiyari. Jar alama ta fito, in tsaya. Ruwan goro ta fito, in bincika ba tare da ɗaga hankali ba. Koriya da shuɗiya kuwa labari kawai suke ba ni cewa wata fitila na kunne. Fitilar hazo ba na taɓa ta sai hazo ya rufe hanya ko ruwa ya tsuge har ba a ganin na gaba, da an samu sarari kuma in kashe. Masu yawo da ita a cikin gari sama garau suna ƙona wa mutane ido, har yau in na bi bayansu sai na yi tsaki.

An yi wa Inna aiki a ido ɗaya, aka riƙe mu har aka cire bandeji. Ranar komawa rana ce tas, ba ko ɗigon hazo. Wannan karon a baya ta zauna kusa da ƙanwata, don hasken gaba ya yi mata yawa. Tana ta lissafa abin da take gani, masarar wani ta yi kyau, ta wani ciyawa ta ci, ga ɗorawa, ga shanu. Can ta leƙo gaban sitiyari ta tambayi ƙanwata ina 'yar fitilar nan da ta raka mu. Na ce ta hazo ce, Inna, sai ba a ganin hanya ake kunna ta. Ta ce to a bar ta a kashe.

Na ɗaga kai in duba motar baya, sai na ga idonta a madubi, ni take kallo, ba ta kuma kawar da kai ba. Ban taɓa ganin ta kalle ni haka ba tun da na yi wayo.

"Ke," ta ce wa ƙanwata, "ashe wancan ya yi furfura haka, ba wanda ya gaya mini?"

Daɗi ya cika ni. Na ɗan gyara madubin yadda za ta fi gani, na ci gaba da tuƙi.