Sarkin Yalan a Bakin Karofi

Maigidana marini ne, kuma a ganinsa tun da Allah ya halicci shuni ba a yi marini kamarsa ba. Karofinsa yana bayan gari a nan Illela, 'yan ramuka ne da akuya za ta zagaye ba ta yi haki ba. Iyakar tafiyarsa a duniya Amarawa da ke nan kusa da mu, can ma ya dawo yana kushe ruwansu. Mutumin kirki ne, amma cika bakinsa ya sha fitar mini da tuwo daga rai.

Abin ya zama damuwa da ɗanmu na fari ya tasa. Yana ganin Buzaye suna wucewa da raƙumansu, ba su ko kallon shanyarmu, turkuɗin Kano mai ƙyalli suke nema. Ya roƙi uban ya bar shi ya bi fatake ya koyo aikin can. Uban ya ce, "Mi za ka koyowa Kano wanda babu cikin ramin ga?" Yaro ya bi ya rame. Ni kuwa, da yake ɗan fari ne, ko sunansa ba na faɗa, balle in tsaya gaban ubansa ina yi masa roƙo. Kunya ta ɗaure mini baki, takaici yana cina.

Sai na kai kukana wurin yayana, malami ne da bai daɗe da dawowa daga Makka ba. Ya zo da hantsi kamar gaisuwa ce kawai ta kawo shi. Suna zaure, ni ina bayan zana ina tankaɗen garin da na riga na tankaɗe.

Yaya ya ce a Makka wani mutumin ƙasar Sin ya ba shi labarin wata 'yar ƙasa cikin duwatsu, wai ita Yalan. Sarkinta bai taɓa leƙa bayan dutse ba. Da manzon babban sarkin Sin ya zo, mai ƙasar da ake wata da watanni ba a ƙure ta ba, sai sarkin Yalan ya tambaye shi, ƙasarsa da tasu wacce ta fi girma? Tun daga nan, in mutum yana fankama don bai ga duniya ba, sai su ce ga girman kan Sarkin Yalan.

Maigida ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Aradu, Alhaji, Kanawa ke nan. Sun ƙumshe cikin ganuwa, ba su taɓa ganin rinin Illela ba, suna tsammanin su ad da duniya."

Rariya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Daga ranar kowa ya zama Sarkin Yalan a bakinsa, mahauci, wanzami, har zakaran maƙwabta. Na ce wa yaya ai wuta ya ƙara mana. Ya yi murmushi, ya koma wurin maigida ya ce ai barin mutane cikin jahilci alhaki ne, ya kamata a tura wa Kanawa mai nuna musu. Kafin kaka maigida da kansa ya damƙa yaron a hannun madugu, yana ja masa kunne kada ya sakar musu sirri duka.

Da shekara ta zagayo fatake suka kawo mana rawani, rinin hannun yaron. Baƙi ne wuluk, yana walƙiya kamar an shafa masa mai. Maigida ya fita da shi rana, ya murza, ya shinshina. Marini ne, ya san abin da yake kallo, kuma a ranar tausayinsa ya kama ni fiye da yadda ya taɓa ba ni haushi. Ya naɗa rawanin a hankali, ya share ido da bakin rawanin, ya juyo gare ni.

"Kin gani ko? Shekara guda da zuwan ɗana, har Kanawa sun iya rini."