'Yar Fari da Jirgin Legas

A gidanmu na Tudun Wada ba a wasa da kunyar ɗan fari. 'Yata ta fari ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa Gyallesu, can ta yi wayo, can ta girma. Ban taɓa goya ta a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa. Ranar da za a kai ta gidan miji Legas ina madafa ina tuƙa tuwo kamar 'yar maƙwabta ake aurarwa, mata suna ta yabona wai na iya kara.

Da cikinta na fari ya tsufa likita ya hana ta doguwar tafiya, don haka ba ta zo wankan gida ba. Can ta haihu, da tiyata. Aka ce gwaggonta, yayar marigayi mijina, ita za ta je ta zauna da ita. Gwaggo ta ce sai an gama wani biki a Kwangila, daga nan kuma sai ƙafarta ta yi sauƙi.

Wata safiya na kira yarinyar. Ta ce, "Lafiya lau, Inna." Na saurara da kyau. Jariri yana ta tsala kuka, amma babu muryar mace ko ɗaya a bayanta, babu motsin kwano. Na yi jego sau da yawa, ban taɓa ganin gidan mai jego shiru ba. Na tambaye ta wa ke dafa mata ruwa, ta ce mijinta yana ɗorawa kafin ya fita aiki.

Na je na gaya wa Gwaggo zan tafi. Ta tafa hannu tana salati.

"Ke da kanki? Uwa ta bi 'yar fari har gidan suruki? To me za mu ce wa mutane?"

Na ce, "Yaya, ku faɗa musu abin da ya zo bakinku."

Ta ce wallahi in na shiga mota sai ta sa an sauke ni tun kafin mu bar gari. Ba barazana ba ce, ɗanta babba ne a tashar mota, babu direban da bai san lambarsa ba. Shi ya sa na tuna da jirgin ƙasan da ke tasowa daga Kano ya bi ta Zariya ya nufi Legas. Jirgi ba ya jin wayar kowa.

Ban fita a ɓoye ba. Da rana tsaka na tsayar da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida, na ɗora buhun gero da kanwa da yajin jego, na gaida duk wadda ta leƙo. A tashar jirgi muka yi zaman jira har na fara tunanin ko Gwaggo ta san direbansa shi ma. Da ya iso ya yi kukan nan nasa, wani ma'aikaci ya kama min kaya, na hau da bisimilla na sami kujera kusa da taga.

Jirgin ba ya sauri, kuma ba ya jin kunyar rashin saurinsa. Ya tsaya a Kaduna aka cika tarago, ya tsaya a wasu ƙauyuka da ban san sunansu ba, mata suna miƙo dafaffiyar gyaɗa da ayaba ta taga. Wayata ta yi ta ƙara. Ƙanin mijina ya ce in sauka a Kaduna zai turo mota. Ƙanwata ta ce na ba su kunya. Har limamin layinmu aka ba waya, shi dai bawan Allah ya ce Allah ya kai mu lafiya. Na ce amin, na kashe wayar na tura ta ƙasan jaka.

Wadda ke gefena wata Bayarabiya ce mai sayar da atamfa, Hausarta tas. Ta buɗe kular shinkafa ta ce in sa hannu. Da ta ji inda za ni da abin da na baro a gida, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Hajiya, ke kika yi naƙudarta ko gwaggon? To yaya sunan yarinyar?"

Na waiwaya, babu wanda ya san ni a taragon nan. Sai na faɗa, a hankali, na sake faɗa da ƙarfi. Ashe sunan yana da daɗi a baki. Haushi ya kama ni na shekarun da na yi ina zagaye shi don a ce na iya kara.

Gari ya waye mana muna cikin tafiya, ƙafafuna sun kumbura, bayana kamar an daka. Muka haye gadar Jebba, ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Daga nan ƙasa ta yi kore shar, bishiyoyin kwakwa suka fara bayyana, yaren masu talla ya canza. Ban yi nadamar komai ba.

Mijin 'yata ne ya tarye ni a tasha, yana ta sunkuyar da kai ya rasa gaisuwar da zai yi min. Da muka isa gida na tarar da ita zaune a bakin gado ta rame, gashinta a cukurkuɗe, ta dafe wajen ɗinkin. Ta yunƙura za ta durƙusa kamar yadda ta saba gaishe ni daga nesa. Na ce kada ta soma. Na karɓi jaririn na goya shi, na ɗora ruwa, na dama kunun kanwa. Sannan na zauna a bayanta na fara tsefe mata kai, ina shafa mai a hankali.

Jikinta ya sandare, ba ta san yadda ake jingina da ni ba. Can na ji ta saki nauyinta a ƙirjina.

Ta ce, "Inna, ashe hannunki yana da taushi."